BABI NA UKU: TARIHIN AJIN MASU DAƊAƊƊUN CUTUTTUKA DA YADDA YA ISA GA TSOFAFFIN DA SUKA FITO DAGA KURKUKU A AMURKA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar daɗaɗɗiyar cuta, wato irin cutar nan da ba a rabuwa da ita sai dai a zauna da ita ana lallaɓawa, kamar ciwon suga da hawan jini da asma da ciwon zuciya da amosanin gaɓɓai. A wannan babi kuwa za a bi diddigin yadda aka fara tara masu irin waɗannan cututtuka a aji guda ana koya masu kula da kansu, da kuma yadda dabarar ta isa ga tsofaffin da suka fito daga gidajen yari a ƙasar Amurka. An zaɓi Amurka ne saboda a can dabarar ta tsiro, kuma a can ne yawan tsofaffin fursunoni ya kai matsayin da ya zame wa hukuma da likitoci dole su waiwaye su. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an gina ajin marasa lafiya ne a kan mutumin da yake da muhalli da likita da ikon tafiyar da al'amuransa, alhali waɗannan abubuwa uku su ne kurkuku yake raba mutum da su. Wannan ne ya sa masu son kai dabarar ga tsofaffin fursunoni suka koma ga wata al'ada da ɗaurarrun suka ƙago da kansu tun a shekarun 1980.

3.1 Asalin Ajin Marasa Lafiya

Masana tarihin aikin likita sun fi danganta farkon wannan dabara ga wani likita mai suna Joseph Pratt na birnin Bostan. A shekarar 1905 ya tara wasu talakawa masu tarin fuka waɗanda ba su da halin zuwa asibitocin jinya na bayan gari, ya riƙa ganawa da su mako-mako. Wata majami'a mai suna Emmanuel ce ta ɗauki nauyin aikin. Kowane majinyaci yana da littafin da yake rubuta zafin jikinsa da abin da ya ci da yawan lokacin da ya yi yana hutawa a sarari, a ranar aji kuma a auna nauyin kowa a gaban 'yan'uwansa. Pratt ya lura cewa wanda ya ga ɗan'uwansa ya yi ƙiba ya murmure, ya fi dagewa a kan bin ƙa'ida. A birnin dai na Bostan, likita Elliott Joslin ya bi irin wannan hanya da masu ciwon suga, har ya wallafa masu littafin jagora a 1918, shekara uku kafin a gano sinadarin insulin a birnin Toronto. Sai dai a duk waɗannan azuzuwa likita ne malami, majinyaci kuwa ɗalibi ne mai sauraro da biyayya.

Babban sauyi ya zo ne daga Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya. A 1979 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Kate Lorig, tare da likitoci Halsted Holman da James Fries, suka fara wani kwas na masu amosanin gaɓɓai wanda ba likita ne yake jagorantar sa ba, wasu ne daga cikin jama'ar gari da aka ba ɗan horo, akasarinsu masu fama da cutar. Da aka zo auna sakamako sai aka tarar da wani abin mamaki. Mahalarta sun sami sauƙin raɗaɗi, sun kuma ƙara motsa jiki, amma dangantakar da ke tsakanin abubuwan biyu ba ta da ƙarfi kamar yadda aka zata. Neman dalili ne ya kai su ga ra'in masanin halayyar ɗan'adam Albert Bandura, wanda shi ma a Stanford yake, wanda ya bayyana a 1977. Ra'in yana cewa sakankancewar mutum cewa zai iya aiwatar da wani abu ita ce take sa ya fara shi, ya kuma jure a kai. Daga nan aka sake fasalin kwas ɗin domin ya gina wannan sakankancewa.

A farkon shekarun 1990 aka faɗaɗa kwas ɗin ya haɗa masu cututtuka daban-daban a aji guda, bisa hujjar cewa matsalolinsu na yau da kullum iri ɗaya ne: gajiya, raɗaɗi, rashin barci, baƙin ciki, da rashin sanin yadda za a yi wa likita bayani. Tsarin da aka daidaita a kai shi ne zama sau ɗaya a mako har mako shida, kowane zama awa biyu da rabi, ƙarƙashin jagorori biyu. Ƙashin bayan ajin shi ne abin da za a iya kira alkawarin mako. Kowane mahalarci zai faɗi wani ƙaramin abu da shi da kansa yake son yi, alal misali tafiyar minti goma sau uku kafin zama na gaba, sa'an nan ya auna tabbacinsa daga sifiri zuwa 10. Idan bai kai 7 ba sai a taimaka masa ya rage nauyin alkawarin. Mako na zagayowa ya ba da rahoto, in ya kasa, 'yan ajin su kawo shawarwari.

Sakamakon gwajin wannan tsari ya fito a 1999. An yi shi a kan mutum 952 masu shekara 40 zuwa sama, masu ciwon zuciya ko na huhu ko shanyewar ɓarin jiki ko amosanin gaɓɓai. Bayan wata shida an ga waɗanda suka shiga ajin sun fi motsa jiki, sun fi iya magana da likita, gajiyarsu ta ragu, kwanansu a asibiti ma ya ragu, amma ba a ga bambanci ba ta fuskar raɗaɗi da sarƙewar numfashi. Ingila ta ari tsarin a 2002. Wani nazari na cibiyar Cochrane da ya tattara gwaje-gwaje 17 a 2007 ya rage wa masu zumuɗi hanzari, domin ya nuna amfanin ƙanƙane ne kuma na gajeren lokaci, ya fi bayyana a kan sakankancewa da yadda mutum yake jin lafiyarsa, ba a kan raguwar zuwa asibiti ba. Abin lura ga wannan bincike shi ne, mafi yawan mahalarta gwajin 1999 fararen fata ne masu ilimi mai zurfi, masu gidaje da likitocinsu.

3.2 Yadda Gidajen Yari Suka Cika da Tsofaffi

A daidai lokacin da ake gina wannan dabara a jami'a, wani al'amari yana gudana a majalisun dokoki. A 1972 fursunonin da ke gidajen yarin jihohi da na tarayya kimanin 200,000 ne. Zuwa 2009 sun haura 1,600,000. Dokoki ne suka haifar da haka. A 1973 jihar Niyok ta kafa dokokin ƙwaya da aka fi sani da sunan gwamnanta Nelson Rockefeller, waɗanda suka ɗora ɗaurin aƙalla shekara 15 a kan sayar da ɗan ƙaramin adadi na hodar iblis da makamantanta. A 1984 majalisar tarayya ta soke sakin talala ga fursunonin tarayya. A 1994 Kalifoniya ta kafa dokar laifi uku, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai ga wanda ya aikata babban laifi karo na uku, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta fara ba da kuɗi ga jihohin da suka yarda masu manyan laifuka su cika kashi 85 cikin ɗari na wa'adinsu.

Saurayin da aka ɗaure shekara 30 ba zai fito yana saurayi ba. Ƙididdigar ofishin alƙaluman shari'a na Amurka ta nuna fursunonin jihohi masu shekara 55 zuwa sama sun tashi daga 26,300 a 1993 zuwa 131,500 a 2013, wato daga kashi 3 zuwa kashi 10 cikin ɗari. Bayan doguwar ɗauri, yawan waɗanda ake shigowa da su da girmansu ma ya ƙaru. Jihohi da dama suna lissafa fursuna a matsayin tsoho tun daga shekara 50 ko 55, saboda talauci da shaye-shaye da rashin magani kafin ɗauri, da kuma ƙuncin zaman kurkuku, suna tsufar da jiki da wuri. Binciken da ofishin ya gudanar a 2011 da 2012 ya nuna kusan kashi 73 cikin ɗari na fursunoni masu shekara 50 zuwa sama an taɓa shaida masu suna da wata daɗaɗɗiyar cuta, kuma hawan jini ne a gaba. Har ila yau ofishin ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi 95 cikin ɗari na fursunonin jihohi za su fito wata rana.

3.3 Magani a Ciki, Babu a Waje

A watan Nuwamba na 1973 wani damin auduga ya faɗo wa wani fursuna mai suna J. W. Gamble a jihar Taksas yayin da yake sauke kaya daga mota. Ya rubuta ƙara da hannunsa yana kukan ba a yi masa magani yadda ya kamata ba. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1976 ta bakin Mai Shari'a Thurgood Marshall cewa yin ko-oho da gangan ga babbar buƙatar lafiyar fursuna ya saɓa wa gyara na takwas na tsarin mulki, wanda ya haramta hukunci na ƙeta da azabtarwa. Shi Gamble bai yi nasara a kan likitansa ba, domin an tarar ma'aikatan lafiya sun duba shi sau 17 cikin wata uku. Duk da haka hukuncin ya mai da fursuna ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da tsarin mulkin Amurka ya ba haƙƙin magani.

Wannan haƙƙi yana da illa ɓoyayya da ta shafi jigon wannan babi. Mutane da yawa a kurkuku aka fara gano suna da suga ko hawan jini, a can kuma suka koyi zama da cutar, amma bisa tsarin da ba ya buƙatar su san komai. A gidajen yari da dama allura da insulin suna hannun ma'aikatan jinya saboda tsaro. Fursuna yakan bi layi a lokacin da aka ƙayyade, a auna masa suga, a yi masa allura ko a miƙa masa ƙwaya ya haɗiye a gaban ma'aikaci. Ba shi yake zaɓen abinci ba, ba shi yake tsayar da ranar ganin likita ba, ba ya zuwa kantin magani, ba ya biyan kuɗin inshora. Ke nan ana iya samun dattijon da ya shekara 20 da ciwon suga amma bai taɓa riƙe na'urar awon suga da hannunsa ba. Kwas ɗin Stanford yana so ya gina sakankancewar mutum cewa zai iya, tsarin kurkuku kuwa ya shafe shekaru yana koya masa jiran umarni.

Ranar da ya fita ƙofa, haƙƙin da hukuncin 1976 ya ba shi ya ƙare. Dokar da ta kafa shirin Medicaid na lafiyar talakawa a 1965 ta hana a kashe kuɗin tarayya a kan wanda yake tsare, don haka jihohi da yawa suka riƙa soke rajistar duk wanda aka ɗaure. Kafin faɗaɗa shirin a 2014, talaka baligi marar ƙananan yara kuma marar nakasa ba ya ma cancanta a akasarin jihohi. Shirin Medicare na tsofaffi kuwa sai mutum ya kai 65, alhali da yawa daga cikin waɗanda ake magana a kansu suna tsakanin 50 da 64. A Kalifoniya kuɗin sallama dala 200 ne, adadin da aka yanke tun 1973 kuma aka shafe shekaru kusan 50 ba a ƙara ba.

Bincike biyu suka fito da girman matsalar. Na farko shi ne na Ingrid Binswanger da abokan aikinta a 2007, wanda ya bi sawun mutum 30,237 da aka saki a jihar Washintan tsakanin 1999 da 2003. An tarar haɗarin mutuwarsu a mako biyu na farko ya ninka na sauran mazauna jihar sau 12.7. Shan ƙwaya fiye da kima ne a gaba wajen kisa, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini yana biye da shi. Na biyu shi ne na Jacques Baillargeon da abokan aikinsa a 2009, a kan mutum 2,115 masu ƙwayar cutar ƙanjamau da aka saki a Taksas. Ana sallamar su da maganin kwana 10, amma kashi 5.4 cikin ɗari ne kacal suka karɓi sabon magani kafin kwanakin su cika, kuma bayan kwana 60 adadin bai wuce kashi 30 ba.

3.4 Ajin da Fursunoni Suka Kafa da Kansu

Tun kafin waɗannan alƙaluma su fito, fursunoni sun riga sun gwada koyar da junansu. Misali mafi shahara shi ne na gidan yarin mata na Bedford Hills a jihar Niyok. Wani gwajin jini da aka yi tsakanin 1987 da 1988 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na matan da ake shigowa da su gidajen yarin jihar suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Tsoro ya yi yawa, har ana gudun cin abinci ko wanka wuri ɗaya da wadda ake zargi. A 1988 wasu ɗaurarru, cikinsu da Kathy Boudin da Judith Clark da Katrina Haslip, suka nemi izinin hukumar gidan suka kafa ƙungiyar da aka sani da ACE, domin ilmantarwa da ba da shawara a kan cutar. Sun sami horo daga ma'aikatan lafiya na waje, amma su suka tsara darussan, su suke koyarwa, su suke jinyar waɗanda suka kwanta. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma abin da matan suka gano ke nan a aikace: fursuna takan faɗa wa 'yar'uwarta abin da ba za ta faɗa wa mai ɗamara ko likitan gidan yari ba.

Katrina Haslip, wadda Musulma ce kuma ita kanta tana ɗauke da cutar, ta fito a 1990 ta kafa reshen ƙungiyar a waje domin matan da aka saki. Ta kuma shiga gwagwarmayar da ta sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta faɗaɗa ma'anar ƙanjamau ta haɗa da alamomin da suke bayyana ga mata. Ta rasu a Disambar 1992, sabuwar ma'anar ta fara aiki a Janairun 1993. Matan sun tattara darussansu a wani littafi da ya fito a 1998. Wannan al'ada ta ci gaba a wasu siffofi, kamar shirin jinyar masu gargara da fursunoni 'yan sa-kai suke yi a kurkukun Angola na jihar Luwiziyana tun 1998, da shirin da aka fara a jihar Niyu Meziko a 2009 na horar da fursunoni su koyar da 'yan'uwansu a kan ciwon hanta.

3.5 Haɗuwar Hanyoyin Biyu

Kalifoniya ce fagen da matsalar ta fi fitowa fili. A 2005 wata kotun tarayya ta tabbatar cewa a matsakaicin lissafi fursuna ɗaya yana mutuwa duk kwana shida zuwa bakwai a jihar saboda sakacin magani, ta kuma ƙwace ragamar lafiyar gidajen yarin daga hannun jihar. A 2011 Kotun Ƙoli ta umurci a rage cunkoso. A 2012 masu jefa ƙuri'a suka sassauta dokar laifi uku, a 2014 aka buɗe ƙofar sakin talala ga masu shekara 60 da suka yi shekara 25 a ɗaure, a 2021 kuma aka sauko da ita zuwa masu shekara 50 da suka yi 20. Tsofaffi suka fara fitowa da yawa.

A 2006 wasu matasan likitoci, Emily Wang da Clemens Hong, suka buɗe wani ɗan asibiti mai suna Transitions Clinic a wata unguwar talakawa ta birnin San Faransisko, domin masu daɗaɗɗun cututtuka da aka sako. Sabon abin da suka kawo shi ne ɗaukar ma'aikatan lafiyar al'umma waɗanda su kansu sun taɓa zaman kurkuku. Su ne suke zuwa taron masu sakin talala su nemo majinyata, su raka su kantin magani da ofishin neman muhalli, su nuna masu yadda ake karanta takardar magani. Gwajin da aka wallafa a 2012 a kan mutum 200 ya nuna kashi 25.5 cikin ɗari na waɗanda aka tura wannan asibiti ne suka je sashen gaggawa cikin shekara guda, a yayin da a ɗaya ɓangaren aka sami kashi 39.2. Ya kamata a bayyana cewa aikin wannan asibiti ya fi karkata ga bin mutum ɗaya-ɗaya a kan tara jama'a a aji, amma shi ya tabbatar da darasin Bedford Hills da alƙaluma.

Ta ɗaya ɓangaren, a 2010 gwamnatin tarayya ta raba dala miliyan 27 ga jihohi 45 domin yaɗa kwas ɗin Stanford a tsakanin tsofaffi. Wasu jihohi, irin su Oklahoma da Bajiniya, suka shigar da shi gidajen yarinsu, aka horar da fursunoni su zama jagororin azuzuwan. A cikin kurkuku tara aji ba shi da wuya, tun da mahalarta suna wuri ɗaya kuma suna da lokaci. A waje ne wuyar take. Mako shida na farko bayan saki su ne lokacin da mutum yake fafutikar neman katin shaida da wurin kwana da aiki da kai kansa ga jami'in sakin talala, saboda haka aji na awa biyu da rabi yana gogayya da abubuwan da in aka saɓa masu za a iya mayar da mutum kurkuku. Daɗin daɗawa, sharuɗɗan sakin talala a wurare da yawa sun hana cuɗanya da wanda aka taɓa samu da babban laifi sai da izini, ga shi kuwa ajin tsofaffin fursunoni cuɗanyar ce tsagwaronta. Idan kuma aka tura dattijon ajin gama-gari a cibiyar tsofaffi ta unguwa, to ranar da aka ce kowa ya gabatar da kansa ya faɗi tarihin cutarsa, dole ya zaɓi tsakanin ɓoye shekara 20 na rayuwarsa da fuskantar ƙyama.

Darussan kansu suna buƙatar gyara. Nasiha a kan zaɓen abinci ba ta da amfani ga mai cin abin da aka dafa a gidan marasa galihu, haka bayanin ajiye insulin a firji ga wanda ba shi da ɗaki. Kwas ɗin yana tafiya da littafi mai kauri, alhali wani bincike na 2014 ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na fursunoni ba su da shaidar kammala sakandare. Wanda aka ɗaure a 1995 kuma ya fito ya tarar ana tsayar da ranar ganin likita ta intanet da wayar hannu, waɗanda bai saba da su ba. A ra'ayin wannan bincike, alkawarin mako shi ne ɓangaren kwas ɗin da ya fi dacewa da wannan rukuni, domin yana ba mutum damar yanke wa kansa ƙaramar shawara ya kuma ga ya cika ta, muddin an yarda alkawarin ya iya zama karɓo katin inshora ko koyon hanyar motar haya zuwa asibiti.

Sauyin doka na baya-bayan nan ya fi karkata ga fara shiri tun kafin saki. A Janairun 2023 aka ba waɗanda suka fito daga kurkuku wa'adi na musamman na shiga Medicare ba tare da tarar jinkiri ba. A watan ne kuma gwamnatin tarayya ta amince wa Kalifoniya, karo na farko tun 1965, ta yi amfani da kuɗin Medicaid a kan fursuna cikin kwana 90 na ƙarshen wa'adinsa. Ayyukan da aka yarda a biya sun haɗa da na ma'aikatan lafiyar al'umma, da tsara ganin likita a waje, da sallamar mutum da maganinsa a hannu. Jihar ta fara aiwatarwa a wasu yankuna a Oktoban 2024, kuma wasu jihohi da dama suka nemi irin wannan izini suka samu.